Yadda ake raɗa wa dutsen gutsattsari suna ta girman ƙwayoyinsa, mataki-mataki

Tunda aka fara shirin fita fil na bana, wato fita duba duwatsu a inda suke, saƙonni suke ta shigo min, yawanci daga ɗaliban jiyoloji 'yan aji biyu da aji uku, sai kuma wasu masu aikin haƙar rijiyar burtsatse da ake sa su rubuta abin da inji ya fito da shi mita bayan mita. Tambayar dai ɗaya ce ake ta juya ta, wai na ɗauki dutse a hannuna, ta yaya zan san sandiston ne (dutsen yashi) ko siltiston (dutsen da ƙwayarsa ta fi yashi laushi), kuma daga ina kongilomaret (dutsen tsakuwa) yake farawa? Amsawa ɗaya-ɗaya ta ishe ni wallahi, shi ya sa na zauna na rubuta yadda ni nake yi tun daga ɗaukar dutsen har rubuta sunansa a littafi.

Duwatsun da muke magana a kai su ne waɗanda a aji ake ce wa kilastik, wato gutsattsarin wasu tsofaffin duwatsu da ruwa ko iska suka kwaso suka zube wuri ɗaya, aka daɗe, suka manne suka koma dutse. Ni zan riƙa ce musu duwatsun gutsattsari. Sunansu kuma daga girman ƙwayar yake fitowa, ba daga launi ko taurin dutsen ba, ballantana garin da ka samo shi. Ka auna tukuna sannan ka raɗa suna. Mafi yawan kurakuran da nake gani a rahoton ɗalibai daga nan suke, mutum ya hango jan dutse daga nesa ya riga ya yanke hukunci a ransa, sai ya zo yana nema wa hukuncin hujja.

Kayan aiki da abin da za su ci maka

Guduma, wadda ta fi dacewa ita ce ta 'yan jiyoloji mai tsini a baya, amma idan babu, gudumar magina da kurfi ɗaya sun isa. Sai gilashin ƙara girma na hannu mai ninka abu sau 10, wannan kam ka sayi naka, ba shi da tsada sosai kuma har ka gama makaranta yana wuyanka, ka ɗaura masa igiya don ɓacewa yake yi kamar me. Rula mai layin milimita, irin ta 'yan firamare ma ta yi. Kwalbar roba fara mai murfi, ruwa, ledoji, maka ta rubutu, ƙusa ko 'yar wuƙa, da littafi mai kauri da fensir, biro yana zuba idan ruwa ya taɓa shi. Sai asid ɗin haidirokulorik da aka tsinka zuwa kashi 10 cikin 100 a 'yar kwalba mai ɗigo, wannan a lab ɗin sashenku za ka roƙa.

Abin da yake cin kuɗi da gaske shi ne jerin rariya na ƙarfe da injin girgiza su da sikelin da yake karanta giram, daga waje ake shigo da su kuma farashinsu yana bin dala, don haka kar ka sa a ranka za ka saya. Sashen jiyoloji yana da su, idan nasu sun lalace ka leƙa lab ɗin ƙasa na 'yan injiniya, yawanci akwai ɗan abin da ake biya a kan kowane samfur. Idan furojet kake yi ka tambayi kuɗin tun kafin ka kwaso samfur arba'in, na ga wanda ya cika buhu da duwatsu daga Gombe ya ƙare da auna guda shida.

Mataki na 1: Ka tabbatar dutsen gutsattsari ne tukuna

Ba kowane dutse ake auna wa ƙwaya da wannan ma'aunin ba. Idan a Zariya kake ko Kano ko tsakiyar Katsina, yawancin abin da za ka taka tsohon dutsen gindi ne, giranit da danginsa, irin dutsen Kufena. Shi giranit ƙwayoyinsa a sarƙe suke da juna kamar haƙoran zif, babu rata a tsakani, tare suka daskare. Dutsen gutsattsari kuwa idan ka sa gilashi za ka ga ƙwayoyi daban-daban kowace da iyakarta, wasu sun goge sun yi sumul, da wani abu a tsakaninsu da ya riƙe su, kuma sau da yawa idan ka murza da yatsa sai ka ji yashi yana zubowa. Ka kuma ja baya ka kalli wurin gaba ɗaya, idan dutsen hawa-hawa yake a shimfiɗe kamar an jera tabarmi, ka zo gida. Irin waɗannan sai ka nufi wajen Sakkwato da Kebbi, ko Gombe da Adamawa, ko Bida, ko ɓangaren Barno da Yobe, a Nijar kuma yankin Tawa da Dosso duk kwarin ɗaya ne da na Sakkwato, wato faffaɗan wurin da irin waɗannan duwatsun suka taru.

Ka ɗiga asid sau ɗaya. Idan dutsen gaba ɗaya ya hau tafasa yana kumfa sosai kuma ƙusa tana kartarsa cikin sauƙi, wataƙila dutsen farar ƙasa ne na siminti irin na Kalambaina da ke Sakkwato, shi wani ma'auni daban ake masa, ka ajiye shi gefe. Idan kuma tsakanin ƙwayoyin ne kawai yake kumfa su ƙwayoyin suna nan, to dutsen gutsattsari ne da kalsait, wato sinadarin farar ƙasa, ta manne shi, ka ci gaba.

Hattara: ruwan batir ba shi ne wannan asid ɗin ba, kar ka je wajen mai cajin batir ka ɗebo, zai ci maka riga da fata a banza. Idan ka rasa, ka kankare garin dutsen ka ɗiga masa binega, kumfar ba ta da ƙarfi amma za ka gan ta da gilashi.

Hattara ta biyu, wadda ta fi kama mutanenmu: marmara. Marmara mai ƙwallaye-ƙwallaye ta cika ƙasarmu, kuma wallahi kamarta ɗaya da kongilomaret ga wanda bai saba ba. Ni kaina a fitata ta farko na ɗauko wani gutsure ja mai ƙwallaye na rubuta masa kongilomaret da manyan baƙaƙe, malamin da ya fita da mu ya karɓa ya fasa ƙwallo ɗaya da guduma ya miƙo min bai ce komai ba, cikinsa ja-ja baƙi-baƙi da zobe-zobe kamar an yanka albasa, babu wata tsakuwa a ciki. Ƙarfe ne ya taru a wurin da dutsen ya ruɓe, ba ruwa ne ya kwaso ƙwallayen daga wani wuri ba. To kai ma ka fasa ƙwallon ka gani, idan tsakuwar gaske ce za ka tarar da farin kwaz, wato ma'adinin nan mai tauri da sheƙi kamar gilashi, ko gutsuren wani dutse a ciki.

Mataki na 2: Ka fasa, ka samu sabuwar fuska

Bayan dutse maƙaryaci ne. Rana da ruwan sama da ƙura sun yi shekaru suna dukansa, lakar da ke tsakanin ƙwayoyi ta wanke, manyan ƙwayoyi sun fito zuru-zuru, sai ka ga kamar dutsen ya fi haka kaushi. Ka fasa gutsure kamar girman dunƙulen hannunka daga jikin dutsen da yake a kafe, ba wanda ya gangaro ya faɗi a ƙasa ba, don shi ba ka san daga wane hawa ya fito ba. Ka hure ƙurar, idan da hali ka jiƙa fuskar da ruwa kaɗan, ƙwayoyi sun fi fitowa a jiƙe.

Kowane hawa samfurinsa daban da ledarsa daban, ka rubuta lamba a jikin ledar da kuma 'yar takarda a ciki. Kar ka ce za ka tuna, ba za ka tuna ba.

Hattara: tsakuwar kwaz tana fallatsa idan guduma ta same ta, ka sa tabarau ko ka kau da fuska, kuma kar ka tsaya ƙarƙashin gaɓar da wani yake sama yana sara. A kwazazzabai ka duba kafin ka zura hannu a rami, kunama da maciji nan suke fakewa.

Mataki na 3: Ka haddace iyakokin nan

Ma'aunin da kusan kowa yake bi a jiyoloji shi ne na Wentworth, wanda ya fitar a 1922 bisa aikin da Udden ya fara a 1898. Sauƙinsa shi ne kowane mataki ninkin na ƙasa da shi ne. Iyakoki uku su ne ginshiƙi, idan ka riƙe su sauran cikon ne: milimita 2, sai 1/16 na milimita wato 0.0625, sai 1/256 wato kusan 0.004.

Duk abin da ya haura milimita 2 dangin tsakuwa ne. Daga 2 zuwa 4 su ne 'yan ƙananan da ake ce wa giranul, kamar ƙwayar gero zuwa ƙaramar dawa. Daga 4 zuwa 64 febul, wato tsakuwa sosai, tun daga girman dawa, wake, gyaɗa, ƙwan kaza, har kusan ƙaramin lemu. Daga 64 zuwa 256 kobul, kuma ka lura ƙwallon ƙafa ma yana cikin wannan ajin bai fita ba. Abin da ya wuce 256 shi ne bolda, wato babban dutse.

Daga 2 zuwa 0.0625 yashi ne, an raba shi biyar: mai kaushi sosai 2 zuwa 1, mai kaushi 1 zuwa 0.5, matsakaici 0.5 zuwa 0.25, mai laushi 0.25 zuwa 0.125, mai laushi sosai 0.125 zuwa 0.0625. Ƙwayar acca tana wajen milimita 1, sukarin shayi yana wajen rabin milimita, da su nake kwatantawa idan na rasa abin awo.

Daga 0.0625 zuwa 0.004 shi ne silti. Ba mu da kalma guda da ta tsaya a kansa daidai a Hausa, amma kowa ya san shi, ƙurar hunturu da take kwanciya a gilashin mota da safe yawancinta wannan girman ne. Ƙasa da 0.004 yumɓu. Idan silti da yumɓu suka haɗu ba a raba su ba sai a ce laka.

Idan malaminku ya fi son lambobin fai na Krumbein, abu ɗaya ne aka juya: milimita 1 shi ne fai 0, rabin milimita fai 1, 0.25 fai 2, 0.125 fai 3, 0.0625 fai 4, iyakar yumɓu fai 8, milimita 2 kuma fai -1. Wato lambar tana hawa ƙwayar tana ƙanƙancewa, a nan ake yawan tuntuɓe a jarrabawa.

Hattara: 'yan injiniya suna da nasu iyakokin. A tsarin da da yawansu suke bi, tsakuwa daga milimita 4.75 take farawa, yashi kuma ya tsaya a 0.075, yumɓu ma wasu a 0.002 suke yanke shi. Idan ka kai samfur lab ɗinsu ka faɗa musu rariyoyin da kake so, in ba haka ba za su ba ka sakamako da ba zai hau ma'aunin Wentworth ba. Haka kuma yumɓu a nan girma ake nufi, ba sai lallai irin wanda ake gina tukunya da shi ba.

Mataki na 4: Idan akwai tsakuwa, rula za ka ɗauko

Wannan shi ne mai sauƙi a ido amma akwai ƙa'ida. Tsakuwa tana da tsawo da faɗi da kauri, wanda ake aunawa shi ne na tsakiya, wato faɗin, domin shi ne yake hana ta wucewa ta ramin rariya. Ka zana murabba'i a fuskar dutsen da alli, ka auna tsakuwa ashirin ko talatin da suka faɗo ciki ba tare da zaɓe ba, ka rubuta, sannan daban ka auna manya guda goma ka rubuta su a matsayin mafi girma. Ido yana son manya, idan ka bar shi ya zaɓa duk dutsen da ka taɓa zai zama na kobul.

Sai ka kimanta kashi nawa ne na dutsen tsakuwa. A nan littattafai sun saɓa, tsarin wani masanin duwatsu mai suna Folk ya ce idan tsakuwa ta kai kashi 30 cikin 100 an shiga ajin kongilomaret, wasu kuma sai ta kai 50. Ka tambayi wanda zai duba maka rahoto wanne yake bi ka rubuta shi a shafin farko ka tsaya a kansa. Idan ba ta kai ba, sunan dutsen sandiston mai tsakuwa, kuma irinsa ya fi yawa a ƙasar nan fiye da kongilomaret na gaske, a sandiston ɗin Bima na wajen Gombe da Adamawa za ka yi ta cin karo da layukan tsakuwa a cikin yashi mai kaushi.

Idan ta kai, sai ka dubi siffarta. Tsakuwa mai sumul da ta mulmulu, kongilomaret ke nan, ta yi tafiya a ruwa ta goge. Mai kaifi da kusurwa kamar fasasshen gilashi, bireshiya ke nan, ba ta yi nisa da inda ta karye ba. Girmansu ɗaya, siffa ce kawai ta raba su. Ka ƙara duba ko tsakuwoyin suna taɓa juna ko kuwa kowace tana iyo a cikin yashi da laka, ka rubuta, domin masu karanta rahoton da shi suke gane ko kogi ne ya tara su ko malalar taɓo. Wanda yake son ganin tsakuwa a gindin kwari ya dubi ƙasan jerin duwatsun da ake kira Gundumi a yankin Sakkwato, inda ya zauna kai tsaye a kan tsohon dutsen gindi.

Mataki na 5: Yashi, a nan aikin yake

Idan da idonka kana ganin ƙwayoyi ɗaya-ɗaya kuma ba su kai milimita 2 ba, sandiston ne a hannunka. Amma rubuta sandiston kawai kamar a tambaye ka wa ya zo ne ka ce mutum. Dole ka faɗi wane aji cikin biyar ɗin nan.

Riƙon gilashin ma sai an koya. Ka kawo shi dab da idonka har ya kusa taɓa gira, sannan ka matso da dutsen a hankali har ya fito tar, rana tana bayanka tana haska dutsen. Masu miƙa hannu can nesa suna leƙe kamar masu duba agogo ba abin da suke gani. Ka ɗora rula a kan dutsen ka ƙirga ƙwaya nawa ne suke jeruwa a cikin milimita ɗaya. Idan ƙwaya ɗaya ta cike ko ta haura, mai kaushi sosai. Ɗaya zuwa biyu, mai kaushi. Biyu zuwa huɗu, matsakaici. Huɗu zuwa takwas, mai laushi. Idan sun fi takwas kuma da ƙyar kake raba su ko da gilashi, mai laushi sosai ne, ka kusa shiga silti. Ka yi haka a wuri uku ko huɗu a jikin samfurin, kar ka tsaya a ɗaya.

Abin da ya fi wannan sauri shi ne katin kwatance, kuma kai ma za ka iya haɗa naka kyauta. Ranar da ka shiga lab ka roƙi ɗan yashin da ya tsaya a kowace rariya, ka samu tsohon katin roba, ka shafa gam a gida biyar ka barbaɗa kowane aji a gidansa ka rubuta lambar a ƙasa. Nawa da na haɗa tun ina ɗalibi har yanzu yana cikin jakata, gefensa ya cinye amma ya fi min wanda aka buga da inji, don yashin gaske ne ba zane ba. A fil sai ka kanga shi da dutsen ka duba su tare a gilashi ɗaya.

Sunan yana bin ajin da ya fi yawa ne, ba ƙwayar da ta fi girma ba. Idan aji biyu suka yi kankankan sai ka rubuta matsakaici zuwa mai kaushi. Daga nan ka faɗi ko ƙwayoyin kansu ɗaya ko a cakuɗe suke. Yashin da iska ta tara kusan duk girmansa ɗaya, kamar an tankaɗe, na kogin da yake ambaliya kuwa babba da yaro duk a kwano ɗaya. Masu haƙar burtsatse ku kula da wannan sosai, yashi mai kaushi da kansa ɗaya shi ne yake ba da ruwa, wanda laka ta cike tsakaninsa ko ya yi kaushi ruwansa kaɗan ne, kuma da wannan bayanin ake zaɓar inda za a sa bututu mai tsaga.

Sai lakar da ke tsakanin ƙwayoyin. Idan ba ta kai kashi 15 cikin 100 ba ana ce wa dutsen arenait, idan ta haura waki ne, in ta wuce 75 ya bar gidan sandiston ya koma dutsen laka. Idan kuma ka ga ƙwayoyi masu ruwan hoda ko fari-fari marasa sheƙi da yawa a cikin kwaz ɗin, wani ma'adini ne da ake kira felsfa, in ta kai kashi 25 sai a ce akos. Wannan da ido kimantawa kawai za ka yi, tabbacinsa sai an yanka dutsen siriri an sa a madubin ƙara girma na lab.

Hattara: kar ka rikita siminti, wato abin da ya manne ƙwayoyin, da laka. Jan abin da ya manne ƙwayoyin sandiston ɗinmu da yawa tsatsar ƙarfe ce da ta shiga daga baya, ba a lissafa ta cikin girman ƙwaya. Kuma wani lokacin ƙwayoyi uku-huɗu suna mannewa su zama dunƙule ɗaya, ka taɓa da ƙusa ka gani ko za su rabu kafin ka ce mai kaushi ne.

Mataki na 6: Wanda ido ba ya gani, haƙori ne alƙali

Idan ko da gilashi ba ka iya raba ƙwayoyin, ka shiga dangin laka. Ka kankaro ɗan mitsitsi ka sa tsakanin haƙoranka na gaba ka ɗan goga. Idan ka ji gurus-gurus kamar an bar ƙasa a cikin tuwo, akwai silti. Idan ya narke sumul kamar man shanu, yumɓu ne. Ka tofar ka kurkure baki. Na san wasu za su yatsina fuska, amma duk wanda ya daɗe a wannan aikin ya ci ƙasa ba adadi.

Hattara: kar ka yi wannan da samfurin da ka ɗiga wa asid, ko na kusa da bola da makwarara, ko na wurin haƙar ma'adinai, musamman inda ake haƙar zinare, abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010 ya ishe mu darasi. A irin wuraren nan ka jiƙa garin ka murza a tafin hannu, yumɓu yana danƙo yana mulmuluwa ya yi igiya, silti kuwa ya farfashe kuma idan ya bushe ya kakkaɓe kamar fulawa.

Sunayen: idan silti ya kai kashi biyu cikin uku, siltiston. Idan yumɓu ne ya kai haka, kileston. Idan sun cakuɗe babu mai rinjaye, ko ka kasa tantancewa, madiston, kuma babu kunya a rubuta hakan. Shel kuma ba wani girman ƙwaya ba ne daban, dutsen laka ne da yake ɓarewa falle-falle kamar shafukan littafi idan ka sa wuƙa a gefensa, irin na Dange da na Fika. In ya fashe dunƙule-dunƙule to ba shel ba ne, komai baƙinsa. Wurin da yake wahalar da ɗalibai shi ne jerin Taloka da na Wurno a yankin Sakkwato, inda yashi mai laushi sosai da silti suke ta musanya, a nan sai ka haɗa gilashi da haƙori a kowane hawa.

Mataki na 7: Gwajin kwalba, idan ka koma masauki

Wannan na dutsen da yake marmashewa ne da abin da injin burtsatse ya fito da shi. Ka marmasa samfurin da hannu, ka zuba shi ya kai kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, ka cika da ruwa, ka sa ɗan garin sabulu kaɗan don ya raba ƙwayoyin yumɓu, ka girgiza sosai kamar minti biyu ka dire a wuri mai daidai. Yashi zai kwanta kafin minti ɗaya, ka ja layi da maka. Silti yana ɗaukar wajen awa biyu, ka sake jan layi. Yumɓu sai ya kwana ɗaya ko biyu ko fiye ruwan bai washe ba. Ka auna kaurin kowane hawa da rula ka raba da jimillar. Kimantawa ce, ba a sa ta a matsayin sakamakon lab, amma tana hana ka kiran dutsen da rabinsa laka ne da sunan sandiston mai tsabta.

Mataki na 8: Tankaɗe a lab

Ka jiƙa samfurin ya kwana, ka murje shi a hankali da taɓarya mai kan roba ko da yatsa, ka shanya ya bushe ƙarau. Ka auna giram 100. Ka jera rariyoyi babba a sama: milimita 2, 1, 0.5, 0.25, 0.125, 0.063, sai faranti a ƙasa da murfi a sama. Inji ya girgiza minti 10 zuwa 15. Ka juye abin da ya tsaya a kowace rariya a kan takarda, ka goge bayanta da burushi mai laushi, ka auna ka rubuta. Tunda giram 100 ka fara da shi, nauyin kowane aji shi ne kasonsa kai tsaye. Ka tara su duka, idan abin da ya ɓace ya wuce giram 2 ka sake daga farko.

Hattara: kar ka daka samfur a turmin ƙarfe, za ka farfasa ƙwayoyin ka ƙirƙiro yashi mai laushi da babu shi a dutsen. Kar ka tankaɗe da danshi, zai toshe ƙananan rariyoyi. Kar ka zura ƙusa ko allura a ramin rariya don fitar da abin da ya maƙale, ka buɗa ramin ka lalata kayan da ba za ka iya biya ba. Idan dutsen ya yi tauri har ba ya murjuwa, ka haƙura da rariya, sai yankan siriri da madubi. Abin da ya faɗa faranti kuma silti ne da yumɓu a haɗe, rariya ba ta raba su, idan suna da yawa sai an yi musu gwajin haidiromita ko na fifet, masu auna saurin kwanciyar ƙwayoyi a cikin ruwa.

Mataki na 9: Rubuta sunan

Ka jera bayanin a tsari ɗaya kullum don kar ka manta wani: launi a sabuwar fuska, girman ƙwaya, kansu ɗaya ko a cakuɗe, siffarsu, abin da ya manne su, sannan sunan, sai kaurin hawan. Misali: ja mai duhu, matsakaici zuwa mai kaushi, a cakuɗe, ƙwayoyi masu ɗan kusurwa, tsatsar ƙarfe ta manne su, sandiston mai tsakuwa jefi-jefi, babbar tsakuwa milimita 18, kauri mita 1.2. Idan hawan ya fara da kaushi a ƙasa yana laushi yana hawa sama, ko akasin haka, ka auna ƙasa da tsakiya da sama ka rubuta duka ukun da 'yar kibiya a gefe. Masu burtsatse kuma ku rubuta zurfin da aka ɗebi kowane samfur a jikin ledarsa nan take, ku wanke lakar haƙa daga jikinsa kafin ku duba, kuma ku sani bakin inji yana niƙa tsakuwa, idan kun ga gutsattsarin kwaz masu sabon karaya da gefe ɗaya mai sumul to a can ƙasa sun fi haka girma.